Awa guda ta jirgin soja a sama: wa ke lissafinta?

Tun ranar 12 ga watan Yuni 2024, da aka kashe sojoji 6 masu gadin bututun man Nijar zuwa Benin a kusa da Salkam, cikin gundumar Tibiri, tambayar da masu saurare suka fi aiko mana ita ce: ina jiragenmu?

Jirage dai akwai su. Nijar na da C-130 da Amurka ta ba mu daga 2021, da marasa matuƙi Bayraktar TB2 da aka sayo daga Turkiyya a 2022, da masu saukar ungulu ƙirar Rasha. Sai dai sayen jirgi somin-taɓi ne. Duk mai kabu-kabu a Dogon Dutsi ya san bayan kuɗin babur akwai mai, akwai taya, akwai makaniki.

Shi jirgi da awa ake lissafinsa. A haɗa mai, kayan gyara, albashi da horon matuƙa na shekara, a raba da awannin da ya yi a sama. Da injin ya cika wasu awanni dole a sauke shi a duba, ko da lafiyarsa lau. Kayan gyaran kuwa daga waje suke, da dala ko yuro. Ko jirgi na ajiye, wasu kuɗin na tafiya. Idan tashinsa ya yi kaɗan, kowace awa sai ta ƙara tsada.

Daga Yamai zuwa Dutsi ya haura kilomita 250. Mai saukar ungulu zai ci kamar awa biyu zuwa da komawa, lita ɗaruruwa kowace awa, tun bai yi shawagi a Dan Kasari ko Dogon Kiriya ba. Idan awannin da aka yi wa kasafi suka ƙare tun damina, wa zai amsa kiran ƙauye da kaka?

Ba mu manta binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ba, wanda ya nuna miliyar 76 na sefa sun salwanta a kwangiloli, har da na jirage. Yanzu da muke zuba wa asusun FSSP tun 2023, da kuɗin waya da gudummawar ƴan uwanmu na Kwatano da Abijan, a ganinmu ba tonon asirin soja ba ne a faɗa mana nawa aka ware wa mai da gyara a bana.