Zauren Karatu: Sarƙar Aro

 Da zarar kaka ta yi, bukukuwa sun kankama daga Kekun Waje har Bungudu, Tsafe da Gusau, kin san abin da ke biyo baya: aron gwal, aron leshi, aron mayafi. Don haka a wannan wata na ɗauko mana wani gajeren labari daga Faransa mai suna La Parure, wato sarƙar ado, wanda Guy de Maupassant ya buga a jaridar Le Gaulois a shekarar 1884. Za mu feɗe shi kamar yadda malaman adabi ke yi.

Tauraruwar labarin ita ce Mathilde, matar wani ƙaramin akawu a ma'aikatar ilimi a birnin Paris. Kyakkyawa ce, amma kullum tana raina abin da ke ɗakinta. Da aka gayyace su liyafar minista, sai ta ce ba ta da kayan fita. Mijin ya ba ta faran 400 da yake tari don sayen bindigar farauta, ta yi ɗinki, sannan ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta mai hali, Madam Forestier. Ta haska a wurin taro, amma kafin su kai gida sarƙa ta ɓace.

Nan ne zubin labarin ya juya. Maimakon su faɗi gaskiya, sai suka aika wa mai sarƙa cewa maƙallin ne ya karye ana gyara. Suka sayo irinta a kan faran 36,000, rabi gadon mahaifin mijin, rabi bashi. Shekara 10 suna biya: ta sallami mai aiki, ta koma wanki da ɗaukar ruwa, shi kuma yana aikin dare. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Bayan an gama biya ta haɗu da ƙawar, ta kwashe komai ta gaya mata. Ashe sarƙar farko jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba.

Dubi salon marubucin, 'yar uwa. Bai yi mana bazata haka kawai ba, ya ajiye alamu tun da wuri. Ƙawar ta ba da aro ba ko gardama. Mai shagon da sunansa ke jikin akwatin ya ce shi akwati kawai ya sayar, ban da sarƙa. Ranar da aka mayar, ko buɗewa ba ta yi ba. Mai karatu da natsuwa zai tsaya nan ya yi tunani.

To mene ne jigo? Da yawa za su ce rashin godiya, kuma haka ne, kayan aro ba ya rufe katara. Amma ni a ganina abin da ya cinye ƙuruciyar Mathilde jin nauyin faɗin gaskiya ne. Ɓatan kaya ƙaddara ce, tana kan kowa. Da ta je washegari ta ce “ƙawata, ga abin da ya faru”, da magana ta ƙare a faran 500.

Ki duba gidajenmu. Mata nawa ne ke cin bashi a ɓoye, ko su ɗauki adashi biyu, don kada a ji sun ɓatar da ɗan kunnen maƙwabciya? Maigida bai sani ba, mai kayan ba ta sani ba, sai rama da rashin barci.

Ga aikin gida. Yau bayan sallar isha'i ki ba 'yan matanki wannan labari, ki tsaya daidai inda sarƙa ta ɓace, ki tambaye su abin da za su yi. Ki saurari amsarsu da kyau kafin ki ƙarasa. Allah ya rufa mana asiri, sai wata mai zuwa in muna da rabo.