Me Ya Sa Tsohon Wasan Diablo Ya Ƙi Mutuwa?

Mai karatu, yau zan ɗan ratse daga batun littattafai, amma ba nisa zan yi ba.

A ƙarshen shekarar 1996 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Diablo, wato Shaiɗan da harshen Sifaniyanci. Labarinsa bai taka kara ya karya ba. Wani ƙauye ne, Tristram, miyagun halittu suka addabe shi daga ƙarƙashin wata tsohuwar majami'a. Sai ka zaɓi jarumi cikin uku: mai takobi, ko 'yar baka, ko matsafi. Ka yi ta gangarawa hawa goma sha shida cikin duhu, kana yaƙi kana tsintar makamai, har ka iske uban tafiyar a can ƙasa. An yi na biyu a 2000, aka sabunta shi a 2021, na huɗu ya fito a 2023, amma har gobe akwai masu komawa ga na farkon.

A ganina ba kyan hoto ne ya raya shi ba, domin hotonsa ya tsufa tuni. Sirrin shi ne, duk sanda ka soma daga farko, kwamfuta za ta sake fasalin lungunan da abin da za ka tsinta. Ka san ƙarshen labari, amma ba ka san hanya ba.

To jama'a, wannan ai gida ne. Duk manomi a Dambatta ko Makoɗa ya san haka: gonar nan ce ta bara, geron nan ne da gyaɗa, iyakar nan ce da maƙwabci, amma ba daminar da ke kama da 'yar'uwarta. Haka tatsuniyar Dodo. Yaro ya san za a kuɓuta, amma gobe ma sai ya ce a sake masa. Haka labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Haka Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, har zuwa littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da samari ke yayi.

Na san wasu za su ce sunan kaɗai ya isa a guje shi, ga matsafi, ga kuma ɓata lokaci. Ba zan yi musu gardama gaba ɗaya ba. Yaron da ya kwana a shagon caji yana danna waya, gari ya waye ya kasa ɗaga fartanya, ya cuci gidansu. Amma hani kaɗai ba ya kashe ƙishirwa. Ƙishirwar labarin jarumta ce ke kai shi can, kuma in ba mu ba shi namu ba, zai sha na wasu, da dodanninsu da aƙidarsu.

Shi ya sa nake kira ga marubutanmu da yaranmu masu karatun kwamfuta su haɗa kai. Muna da rijiya, muna da maciji, muna da baƙon jarumi da takobinsa. Waɗanda suka ƙirƙiro Diablo ba su fara da abin da ya fi wannan ba. Da abokin daka ake shan gari.

Allah Ya sa mu dace, amin.