Garin da Ya Ƙi Rushe Gidan Wasansa

A kan duwatsun Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari da ake kira Leadville, wanda mazaunansa ba su kai 3,000 ba. A shekarar 2016 hukumar garin, tare da taimakon hukumomi da ƙungiyoyin agaji, ta biya dala 600,000 ta sayi wani tsohon gidan wasan kwaikwayo mai suna Tabor Opera House domin ya zama mallakar jama'a. Babu shakka wannan shawara ce ta hangen nesa, kuma ta cancanci yabo.

Wani attajiri, Horace Tabor, wanda ya yi arziki da haƙar azurfa, shi ya gina gidan a 1879 cikin kwana 100 kacal. A lokacin jirgin ƙasa bai iso garin ba, sai da kekunan dawaki aka riƙa hawo da kayan gini. Garin ya cika ya batse da masu neman arziki, har shahararren marubucin nan Oscar Wilde ya yi lacca a wannan zaure a 1882. Amma da farashin azurfa ya faɗi a 1893, sai Tabor ya tsiyace, jama'a kuma suka watse. Haka garin ya sake shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a 1982, sa'ad da aka dakatar da aiki a mahaƙar Climax da ke kusa, ma'aikata masu ɗimbin yawa suka rasa abin yi.

Duk da haka gidan bai faɗi ba. A 1955, ana batun rushe shi, wata mace mai suna Evelyn Furman da mahaifiyarta suka saye shi. Ta yi ta ɗawainiya da shi, tana zagayawa da baƙi, shekaru masu yawa kafin ta rasu a 2011. Bayan ya koma hannun hukuma, aka fara gyaran bangayensa a 2020, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce ƙaramin gari ya fi bukatar ruwan sha da asibiti da hanya bisa ga gidan wasa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba wanda zai ce a hana majinyaci magani don a gyara dandamali. To amma sai a lura da abu uku. Na farko, babban birni irin Denver in ya rushe zaure ɗaya yana da wasu, yana kuma da ƙarfin gina sabo. Ƙaramin gari kuwa in ya rushe nasa, shi ke nan har abada. Na biyu, birnin Denver yana da nisan mil 100 ko kusa da haka, saboda haka yaron ƙauye da ba a kawo wa wasa ƙofar gida ba, da wuya ya taɓa ganinsa. Na uku, baƙon da ya zo kallon ginin zai ci abinci, ya kwana a masauki, ya yi sayayya, kuɗin kuma su zauna a garin. Azurfa ta yi kasuwarta ta wuce, amma ginin yana nan yana jawo baƙi. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Babban darasin shi ne na mallaka. Mutum ɗaya mai kishi ya iya riƙe gini shekara hamsin, amma rai ba ya da tabbas, magada kuma ba lalle su iya ɗaukar nauyin ba. Wurin da jama'a ke taruwa, jama'a ya kamata su riƙe shi, da kwamiti amintacce da lissafi a fili.

Mai karatu da neman abinci ya raba shi da garinsu ya san irin wuraren nan: tsohon ɗakin taro, gidan siliman da aka kulle, dandalin da ake neman yankawa a sayar. Lalle ne ƙungiyoyin 'yan gari da ke birane su binciki halin da nasu ke ciki tun kafin a kawo katafila. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.