Ɗumamar Yanayi: Ina Makomar Kiwon Kifi a Gana?

Duk mai cefane a Dichemso, Aboabo ko Asawase ya san cewa kifi ya tashi daga cimar talaka yana neman komawa cimar masu hali. Alhali kuwa kifi ne ke ba mutanen Gana kusan kashi 60 cikin 100 na abinci mai gina jiki da suke samu daga dabbobi. Saboda haka duk abin da ya taɓa kifi ya taɓa tukunyar kowane gida a Zango.

Shekaru da dama hukumomi suna cewa mafita ita ce kiwon kifi, tunda teku ta fara gazawa. Maganar tana da tushe. Wani rahoton Bankin Duniya na 2019 ya sanya Gana cikin ƙasashen da kifin da za a iya kamawa a tekunsu zai iya raguwa sosai, muddin duniya ta ci gaba da ɗumama yadda take yi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta bayyana cewa a 2022, karo na farko a tarihi, abin da aka kiwata a ruwa ya zarce wanda aka kamo. To amma tambayar da masana suka koma kanta yanzu ita ce: shi kansa kiwon kifin ya tsira daga sauyin yanayi?

Abu na farko da bincike ya fi mayar da hankali a kai shi ne zafin ruwa. Idan ruwa ya yi ɗumi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa takan ragu, a daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara buƙatarta. Shi ya sa mai tafki kan wayi gari da asuba ya tarar kifinsa sun taso sama suna haki. Karfasa, wadda aka fi sani da tilafiya a kasuwa, ta fi shan wahala a wannan hali, yayin da tarwada ke jurewa domin tana iya shaƙar iska daga sama. Ba sai an je nesa ba: a Tafkin Bosomtwe, mai tazarar kimanin kilomita 30 daga Kumasi, binciken masana ya nuna ruwan yana ƙara ɗumi, masunta kuma sun daɗe suna kukan raguwar kamu.

Na biyu shi ne cuta. Kifin da ya galabaita saboda zafi ko ƙarancin iska shi ne cuta ke fara kamawa, musamman inda aka cunkusa dubbai a keji ɗaya. A ƙarshen 2018 wata ƙwayar cuta mai lalata saifa da ƙoda ta auka wa kejin karfasa a Tafkin Volta, inda ake samar da mafi yawan kifin kiwo na ƙasar nan. Abin da aka girba ya faɗi daga kimanin tan 76,000 a 2018 zuwa kimanin tan 52,000 a 2019. Ba zafi ne ya kawo cutar ba, amma ta nuna yadda arzikin ƙasa ya rataya a kan tafki guda.

Na uku kuwa shi ne ruwan sama da ya daina bin ƙa'ida. A ranar 15 ga Satumba 2023 Hukumar Kogin Volta ta fara sakin ruwa daga madatsar Akosombo bayan tafkin ya cika maƙil. Garuruwa irin su Mepe suka nutse, mutum fiye da 26,000 suka rasa matsuguni, ruwa kuma ya yi awon gaba da keji da kifi na miliyoyin sidi. Shekara guda bayan haka sai aka ga akasin hakan: fari ya auka wa arewacin ƙasar a 2024, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya a watan Agusta. Masara da waken suya kuwa su ne ginshiƙin abincin kifi, abincin da ke cinye fiye da rabin kuɗin mai kiwo. Ke nan farin Tamale yana iya rufe tafki a Kumasi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba komai za a ɗora wa yanayi ba. Ba zafin rana ne ya mayar da kogunan Offin da Pra ruwan kunu ba, galamse ne. Ba ɗumamar duniya ce ke kama 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan idanu ba. Sauyin yanayi yakan tarar da rauni ne ya ƙara masa gishiri. Jami'in da ya fake da shi domin ya guje wa aikinsa, yaudarar jama'a yake yi.

Masana ba su zauna ba. Cibiyar Binciken Ruwa da ke Akosombo ta daɗe da fitar da irin karfasa mai saurin girma, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana da sashen nazarin kifi, Hukumar Kula da Kamun Kifi kuma tana da cibiyar koyar da kiwo a Kona-Odumase nan jihar Ashanti. Inda gizo ke saƙar shi ne, sakamakon binciken yana ƙarewa a takardun Turanci da tarukan otal. Matashin Zango da ya ranci kuɗi ya kafa tankin tarwada a bayan gida, da uwar da ke ƙyafe kifi tana sayarwa, ba wanda ya zo musu da shi.

Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A fassara shawarwarin masana zuwa Hausa da Tuwi a watsa ta gidajen rediyo: a rage cunkoso a tafki, a yi masa inuwa, a rage ciyarwa a ranakun tsananin zafi, a sayi 'ya'yan kifi daga inda aka tantance lafiyarsu. A riƙa gargaɗin masu keji da wuri kafin a buɗe madatsa. A kuma samar da inshora ga ƙananan masu kiwo, domin mutuwar tafki ɗaya kan cinye jarin shekara biyar. Sarakunan Zango da 'yan majalisarmu su ma ya kamata su nemi a kawo jami'an koyarwa unguwanninmu. Tun ran gini ake zane. Allah Ya sa masu abin su ji.