A SAN MUDU KAFIN A ƊAURA KAYA

 Akwai wata magana da ta yawaita a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura, watau maganar samari masu takardun makaranta waɗanda ke neman izinin zaman dindindin a Kanada ko Ingila ko Ostiraliya ta hanyar awon maki. Samarin su ne masu tafiya, amma iyayensu ake zo wa neman guzuri da albarka, su ne kuwa masu gonar da za a jinginar da shanun da za a kai kara. Saboda haka wajibi ne malami da ɗan kasuwa su san yadda abin yake tun ba a kai ga sa hannu ba.

Tafiya dai ba baƙon abu ba ce ga mutanen ƙasar nan. Kakanninsu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun yi ci-rani, sun bi hanyar Gabas da ƙafa zuwa aikin Hajji, har waɗansu suka zauna a Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogi tun bayan yaƙin Burmi na shekara ta 1903. A wancan zamani abin da baƙo ke bukata mai masauki ne da shaidar kirki. In ya iya karatu a ba shi zaure, in ya iya ciniki a ba shi rumfa. Amma zamanin takarda ya zo ya sake wannan. A cikin watan Nuwamba na shekara ta 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita, mutanen zango da yawa suka baro gidajen da suka gina da hannunsu, waɗansu ma can aka haife su. Tun daga ran nan mai hankali ya gane cewa daɗewa a gari ba ta zama hujja gaban hukuma sai da takarda.

To, ga yadda awon yake. Ƙasar Kanada ita ta fara shi a shekara ta 1967, Ostiraliya ta bi baya, Ingila kuwa ta shiga a 2008, ta kuma sake tsara nata daga farkon 2021. Manufar duka ɗaya ce: hukuma ta zauna ta lissafa irin mutumin da take so, ta yanka wa kowace siffa tasa maki, wanda ya cika mudu a buɗe masa ƙofa. A tsarin Kanada na ƙwararrun ma'aikata maki 100 ne, an raba su gida shida. Harshe, watau Turanci ko Faransanci, yana da 28. Ilimi yana da 25. Shekarun aiki suna da 15. Ƙuruciya tana da 12. Samun aiki tun kafin a tafi yana da 10, sa'an nan abin da zai sauƙaƙa wa mutum zama, kamar ɗan'uwa na jini a can, yana da 10. Wanda bai kai 67 ba, ba a ko duba takardarsa.

Bari a buga misali domin abin ya fito sarai. Saurayi ne ɗan shekara 30, yana da digiri na farko, ya yi aiki shekara uku. Ƙuruciyarsa ta ba shi 12, digirinsa ya ba shi 21, aikinsa ya ba shi 11, jimla 44. In ya ci jarrabawar Turanci daidai gwargwadon mafi ƙarancin abin da ake karɓa, sai a ba shi 16, ya tsaya a 60, ya faɗi. In kuwa ya ci ta da kyau ƙwarai, sai a ba shi 24, ya kai 68, ya haye. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya, hali ɗaya, harshe kaɗai ya raba faɗuwarsa da hayewarsa. Har wa yau daga shekara 36 makin ƙuruciya yakan riƙa raguwa ɗaya ɗaya kowace shekara, in mutum ya kai 47 ba shi da ko ɗaya. A nan furfura abin girmamawa ce, a bakin wancan sikeli kuwa asara ce.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya sami 67 ya sami izinin shiga layi ne kurum. Tun watan Janairu na 2015 Kanada ta kafa wani tsari da ta kira Express Entry, inda ake tara masu nema duka wuri guda a na'ura, a sake auna su da wani mudu mai maki 1,200, a jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Lokaci lokaci hukuma takan ɗebi na sama ta aika musu da gayyata, wanda aka gayyata kuwa yana da kwana 60 ya kawo hujjojinsa. Wanda ba a kira ba cikin wata goma sha biyu, sunansa ya fita, sai ya sake. A shekara ta 2024 makin da aka tsaya a kai a zaɓen gama-gari ya haura 500 kowane karo. Kafin mutum ya kai nan kuma ya biya kuɗin jarrabawar harshe irin su IELTS, ya biya kuɗin tantance takardun makarantarsa a wurin waɗanda Kanada ta amince wa, gaba kuma akwai awon likita da takardar 'yan sanda. Bayan wannan duka sai ya nuna kuɗin da zai ci da kansa in ya sauka, wanda a 2024 ya kai dalar Kanada 14,690 ga mutum guda, kuma sharaɗi ne kada ya zama rance.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi, ya fi kowa saninsa: mudun a hannun mai saye yake, shi ke ƙara shi, shi ke rage shi. A watan Oktoba na 2024 Kanada ta rage yawan waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. A watan Maris na 2025 ta soke makin da take ƙara wa mai takardar samun aiki a babban mudun nan, saboda an mai da takardun hajar sayarwa. Ingila ma haka. A Maris na 2024 ta hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Yuli na 2025 ta rufe ɗaukarsu daga ƙasashen waje, a cikin shekara ta 2025 ɗin kuma gwamnatinta ta bayyana niyyar mai da jiran zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma. Izinin Ingila kuwa a ɗaure yake da mai ba da aiki, kusan kamar yadda alhazai suka san iƙama da kafili a ƙasar Makka. Wanda ya sayar da gona bara bisa ga ƙa'idar bara, yana iya wayar gari bana ya tarar ƙa'idar ta tashi, gonar kuwa ba ta dawowa.

A nan ne dillalan ƙarya suke samun shiga. Sukan zo da magana mai zaƙi, su ce suna da mutum a ofishin jakadanci, su ce a kawo miliyan kaza su cika makin. Jama'a su sani, shigar da suna cikin layin Kanada kyauta ne, kowa yana iya yi da kansa ta intanet, kuma dokar ƙasar ba ta yarda kowa ya karɓi lada kan wakilcin mai nema ba sai lauya ko mashawarcin da ke cikin rajistarsu. Ba wanda ke sayar da maki. Abin da dillalin ƙarya ke sayarwa shi ne takardar aiki ta jabu da takardar banki ta aro, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama da ƙarya cikin takardunsa akan hana shi shiga Kanada shekara biyar, ko da wani ne ya rubuta masa, in ma ya riga ya sami izinin ana iya ƙwacewa. Malamai ba su bukatar a tuna musu matsayin shaidar zur a shari'a, ko abin da Suratul Muɗaffifina ta zo da shi game da masu tauye awo. Wanda ya ƙi a tauye masa mudu a kasuwar Kazaure, bai kamata ya sa wa ɗansa albarka ya je ya yi algus a mudun waɗansu ba.

Akwai kuma abin da wannan awo ke nuna wa mutanen ƙasar nan game da kansu. Sikelin ba ya ɗaukar komai sai abin da aka rubuta aka buga wa hatimi. Alaramman da ya haddace izu sittin ya rubuta da ka, in ba shi da takardar makaranta da aka tantance, ba a ba shi makin ilimi ko ɗaya. Falken da ya yi shekara ashirin yana kai hatsi da dabbobi tsakanin Babura da Magarya, in ba rajista, ba littafin ciniki, ba asusun banki, ba shi da abin da zai nuna. Wannan bai rage darajar alaramma ko falke wurin Allah ko wurin mutane ba, amma ya nuna cewa 'ya'yansu suna bukatar a haɗa musu allo da takarda, a kuma saba musu da rubuta ciniki, domin amfanin wannan yana nan gida tun kafin a yi zancen ƙetare. Wani abin lura kuma, tun 2023 Kanada ta ware zaɓe na musamman ga masu jin Faransanci, har a waɗansu zagaye na 2024 makinsu ya sauka ƙasa da 400. Harshen da ake karantarwa a makarantun Magarya da Matamai da Damagaram, ƙetaren iyaka kaɗan, ga shi ya zama abin nema, alhali mutanen wannan gefe sun daɗe ba su kula da shi ba.

Sa'an nan a dubi wanda mudun yake ɗiba. Ba ya ɗibar gajiyayye ko marar sana'a. Likita yake so, da mai aikin jinya, da injiniya, da mai ilimin kwamfuta, a daidai lokacin da ƙarfinsu ya kawo. Su ne kuwa waɗanda Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure take yayewa, su ne waɗanda aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021 domin a samar, su ne waɗanda gwamnatin Jigawa take biya wa karatun likita da kuɗin talakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya, a jerinta na 2023, cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya waɗanda bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatansu ba. Duk mai jinya ɗaya da ya tashi, akwai mace mai naƙuda a ƙauyen Gwiwa ko Roni wadda za ta isa asibiti ta tarar ba mai karɓarta. Ba a hana ɗan halal neman arzikinsa, amma wanda aka karantar da dukiyar jama'a bisa alkawarin zai yi musu aiki, bashi ne a wuyansa, ya biya tukuna. Hukuma ita ma da nata. In albashi ba ya kai ƙarshen wata, asibiti ba wuta ba magani, wa'azi kaɗai ba zai tsai da kowa ba.

Game da addini, malamai sun san maganar zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba tsohuwa ce. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha suka zauna ƙarƙashin Najjashi saboda adalcinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya wallafa littafi a kan hukuncin hijira a shekara ta 1806. An yi saɓani, amma abin da ake komawa gare shi shi ne ko mutum zai iya bayyana addininsa ya tsare iyalinsa. Ziyara daban, zaman dindindin daban. Mai izinin Kanada tilas ya zauna can kwana 730 cikin kowace shekara biyar, in ba haka ba izinin yana iya kuɓuce masa, 'ya'yansa kuwa can za su tashi da harshen can. Ya kamata uba ya tambayi ɗansa, garin da za shi akwai masallacin Jumma'a? Akwai mai karantar da yara? Wa zai riƙe tsohuwa in ta kwanta? Waɗannan ba su cikin maki 100, amma su ne za a tambaye shi a kansu ranar da ba dillali.

Saboda haka abin da ya dace shi ne wannan. Saurayin da ya zo da maganar tafiya a sa shi ya lissafa makinsa da kansa a gaban wanda ya san abin, kyauta, kafin a fitar da ko kwabo. In mudun bai cika ba, ya koma ya gyara harshensa ko ya ƙara shekarun aiki, kada a sayi ciko a hannun kowa. Kada a sayar da gonar gado ko jarin kasuwa saboda abin da ba a tabbatar ba. Limamai su faɗa a huɗuba, hakimai da dagatai su sa ido kan masu yawo da takardun jabu, shugabannin kasuwa kuwa su gargaɗi 'yan'uwansu. Wanda ya cika sharuɗɗa da gaskiya, ya sauke haƙƙin da ke kansa, iyayensa suka yarda, a sallame shi da addu'a, a kuma tuna masa hanyar gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye matafiya, ya wadata mazauna, ya sa albarka a ƙasar Kazaure da Babura da sauran ƙasashen Musulmi, amin.