Tauri Daban, Ƙarko Daban: Rigimar Mazubin Idon Kyamara

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin dillalan kayan masana'antu, wai mazubin da ya fi tauri shi ne ya fi ƙarko. Manajan da bai taɓa tsayawa gaban injin zuba roba ba yakan karɓe ta hannu bibbiyu, domin tana da daɗin ji kuma tana da sauƙin karewa a gaban masu hannun jari. A fagen ƙera idanun kyamara da ruwan tabarau na roba, maganar kuskure ce mai tsada.

A fara da abin da ake zubawa. Kyamarar wayar hannu, har irin su Tecno da Infinix da suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, ba ido ɗaya gare ta ba. Ƙananan idanu ne na roba, biyar ko shida ko bakwai, a jere bisa juna, kuma kamfanoni irin su Largan Precision na Taiwan da Sunny Optical na ƙasar Sin ke zuba su da miliyoyi. Ana narka robar, a tura ta da ƙarfi cikin mazubi, ta huce, ta fito ɗauke da siffar fuskar mazubin ba ragi ba ƙari. Duk wani ƙarzo da ke jikin mazubin zai bayyana a jikin kowane ido da aka zuba. Lanƙwasar fuskar kuwa dole ta yi daidai har ƙasa da maikiron ɗaya, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai kusan maikiron 70. Saboda haka tambayar farko ita ce ko za a iya sassaƙa abin ya kai wannan santsin. Maganar jure duka tana zuwa ne daga baya.

A nan ne masu kirarin tauri suke tuntuɓe. Hanyar da ta fi ba da wannan santsi ita ce sassaƙa da tsinin lu'ulu'u guda ɗaya, to amma lu'ulu'u da baƙin ƙarfe ba sa ga maciji. Lu'ulu'u kabon ne zalla, ƙarfe kuwa yana da ƙishin kabon. Da zafin yanka ya tashi sai ƙarfen ya riƙa zuƙe shi, tsinin ya dakushe tun aiki bai yi nisa ba. Abu mafi tauri a duniya yana lalacewa a jikin wanda bai kai shi tauri ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya sake tunani.

Mafitar da masana'antu suka daɗe da kamawa ba ta da armashi a takardar talla. Ana yin gangar jikin mazubin da ƙarfe marar tsatsa, irin Stavax na kamfanin Uddeholm na Suwidin, mai kusan kashi 13 cikin ɗari na kuromiyam. Daga nan a lulluɓe fuskarsa da haɗin nikel da fosfaras ba tare da wutar lantarki ba, dabarar da Abner Brenner da Grace Riddell suka bayyana a Amurka a 1946. Idan fosfaras ɗin ya haura kashi 10 cikin ɗari, lulluɓin ba ya yin ƙwayoyi a cikinsa, yana zama tamkar gilashi, sai lu'ulu'u ya yanke shi sumul har fuskar ta zama madubi. Ƙarfen na ƙasa yana ɗaukar matsi, nikel na sama yana riƙe siffa. Taurin lulluɓin ma bai yi nesa da na ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba.

Masu tallan tungsten kabayid za su ce nasu ya ninka wannan tauri kusan sau uku. Gaskiya ne, kuma yana da gurbinsa: matse idanun gilashi na ainihi, inda zafi ke wuce digiri 500, zafin da zai sauya tsarin nikel ya ɓata masa fuska. Amma mazubin roba ana riƙe shi ne a wajen digiri 100 zuwa 140, robar da ake ido da ita kuma ba ta da wani tsakuwa ko zaren gilashi da zai goge fuskar. Sayen kabayid domin wannan aiki daidai yake da ɗaukar gatari a yanka albasa. Ga shi ba ya sassaƙuwa cikin sauƙi, sai dai niƙa da gogewa na tsawon lokaci, kuma idan ya tsage ya tsage ke nan.

Abin da ke kashe mazubin ido a zahiri ba shi da alaƙa da ma'aunin tauri. Tururin da robar ke fitarwa yana barin dauɗa a fuskar, ma'aikaci ya zo gogewa da tsumma marar tsafta ya bar layi. Danshi ya kwana a ciki ya haifar da tabo. Lulluɓin da aka yi cikin gaggawa, ba a wanke ƙarfen da kyau ba, ya fara ɓarewa bayan dumama da hucewa sau dubbai. Sannan sau da yawa samfurin wayar ne ke tsufa kafin mazubin ya gaji. A irin wannan hali falalar nikel ita ce gyara: a mayar da shi kan inji a shafce 'yan maikiron a sabunta fuskar, in lulluɓin ya ƙare a kware shi a yi wani, gangar jikin tana nan.

Wannan ba lasisi ba ne ga masu gudun kashe kuɗi, waɗanda ke sassaƙa alminiyam domin yana yankuwa da sauƙi sannan su tura shi aikin dubban ɗaruruwa. Alminiyam na gwaji ne da ɗan ƙaramin zubi. Araha ba ta ado, kuma mai sayen tabarau na karatu a bakin titi shi ke biyan bashin da ciwon kai da dishi-dishi.

Su kuwa masu kirarin tauri, akwai wani misali da ba su cika son a kawo ba. Robar tabarau da ake kira CR-39, wadda kamfanin Armorlite ya fara yin ruwan tabarau da ita a Kalifoniya a 1947, ba a tura ta da matsi. Ana zuba ta tana ruwa a tsakanin faifai biyu, a dumama ta sannu a hankali har ta daskare, sannan a ɓamɓare faifan, a wanke su, a sake amfani da su. Faifan nan na gilashi ne, wanda zai tarwatse in ya suɓuce daga hannun ma'aikaci, kuma har yau da shi ake wannan zubin.