FILIN MATA: Ƙidaya Kwanaki Kafin Ki Sa Wa Kaza Ƙwai

 Yau zancenmu na kaza ne, wadda ita ce asusun mace. Da ita ake sayen sabulu da littafin yaro, da ita ake fita kunyar baƙo. Amma sau da yawa mace takan tara ƙwai 10 ta sa wa kaza, a yi kwana 21 ana jira, sa'an nan a sami 'yan tsaki 3, saura duk baragurbi. Sai a ce baki ne, ko kuwa kazar ba ta da albarka. Alhali galibi ƙidayar kwanaki ce ba a yi ba.

Ga yadda abin yake. Ƙwai yakan yi kamar awa 25 a cikin kaza kafin ta saka shi, kuma tun farkon wannan tafiya iri yake shigarsa, kafin ɓawo ya rufe. Saboda haka kadan zakara ya yi barbara yau, ƙwan gobe ba nasa ba ne, gama ya riga ya yi nisa. Daga jibi ne za a fara sa rai. Wadda ta kawo zakara cikin kajin da ba su da shi, gwamma ta ba shi mako guda ya zaga su duka. Ƙwan wannan mako a soya wa yara.

Abu na biyu shi ne abin mamaki. Allah ya yi wa kaza wata ma'ajiya a cikinta inda take tsare irin zakara. Ko an yanka shi ran Salla ko Kirsimeti, ƙwan da ta saka cikin kwana 7 zuwa 10 na bayansa yawancinsu za su ƙyanƙyashe, waɗansu ma har mako 3. To, kada ki sayar da su da sauri don kin ga babu zakara a gida.

Amma fa wannan ma'ajiya ita ke cutar mai son gyara iri. Ki kai kuɗinki kasuwa ki sayo ƙaton zakara, ki sa ƙwai a wannan mako, 'yan tsaki su fito gauraye, waɗansu sak ɗan tsugul ɗin zakaran maƙwabta. Ba mai sayarwa ne ya zambace ki ba. Dabara ita ce ki kulle kajin da kika zaɓa a akurki mako 3 ba tare da kowane zakara ba, kana ki shigar da sabon. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 ko 10. In sun fi haka, ko kuwa ya tsufa, ƙwai da yawa za su fito fanko.

Sai ajiya. Ƙwan da za a sa wa kaza kada ya wuce kwana 7 da sakawa, domin bayan haka ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. Ki kwashe kowace rana, ki rubuta ranar da fensir a jikinsa. Kada ki wanke shi. Ki jera su a kasko cikin yashi mai sanyi kusa da randa, tsinin yana ƙasa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a ƙasarmu, ki rage zuwa kwana 3 ko 4, gama zafi kan tayar da ɗan tsako tun kafin kwanci, ya mutu a ciki.

Ran da kaza ta yi kwanci, ki sa mata su duka lokaci guda don su ƙyanƙyashe tare. A kwana na 7 da dare ki haska kowanne da tocila. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo, wanda ya fito fayau kuwa ki cire shi. In ƙwan zabo kika sa mata, ki sani shi sai kwana 26 zuwa 28.

Mai son zakarun Kirsimeti, tun cikin Yuni za ta sa ƙwai, domin kajinmu na gida sukan yi kamar wata 6 kafin su isa yanka. Wadda take neman ƙarin bayani ta tambayi malaman gona, ga shi kuwa ba a nisa: kwalejin gonar Zuru ta zama jami'ar aikin gona ta tarayya a shekarar 2020.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gaskiya ne, amma mai ƙidaya kwanakinta za ta sami duka biyu. Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin. Sai mako mai zuwa.